Fartanya a Hannun Rawani: Yadda NPC Ta Riƙe Ƙauyukan Arewacin Kano



Duk mai sauraron labaran duniya a 'yan shekarun nan ya saba jin ana ambaton jam'iyyun masu ra'ayin riƙau, waɗanda suke neman ƙuri'a da kiran cewa ƙasa ta 'yan ƙasa ce, baƙi su ja gefe. Masu nazarin siyasa sun fi damuwa da abin da waɗannan jam'iyyu suke faɗa a kan dandamali. Mu kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda suke tsara kansu: wa yake da ta cewa tsakanin shugaban da ke hedikwata da mutanen da ke riƙe da reshe a ƙauye? A ƙasar Holan, jam'iyyar Geert Wilders ba ta da ɗan jam'iyya mai rajista sai shi kaɗai, don kada wani reshe ya taɓa ɗaga masa murya. A Indiya kuma BJP ta jingina ne da ƙungiyar RSS wadda aka kafa tun 1925, ita ce take ba ta ma'aikatan da ke bi gida-gida. Ɗaya ta ƙi yin rassa, ɗaya ta ari rassan wani.

Mu nan ba sai mun tsallaka teku ba. A ƙasar Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa da Minjibir an yi jam'iyyar da ta ari rassan wani, ta ci zaɓe da su har tsawon shekara goma sha biyar, daga baya kuma ta juya ta kama mai kayan. Sunanta Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC.

Kafin wani ya yi mana gyara, mun sani cewa kamannin bai cika ba. Jam'iyyun Turai na yau suna zagin manyan ƙasarsu, NPC kuwa ta manyan ce. In ana maganar tsaya wa talaka a kan masu mulki, wannan aikin NEPU ne. Amma NPC ma tana da nata "mu da su". Tsarinta bai yarda wanda ba ɗan asalin Arewa ba ya zama ɗan jam'iyya. Takenta Arewa ɗaya ce, al'umma ɗaya. Manufarta mafi farin jini ita ce mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa, a maye gurbin ma'aikatan Kudu. Alamarta fartanya, gaisuwarta Salama, kuma tana magana da yawun addini da al'ada da girmama na gaba. Wannan ya ishe mu mu sa ta a sahu.

Ta fara ne a matsayin ƙungiyar 'yan boko, wadda ta yi babban taronta a Kaduna a 1949 ƙarƙashin Dokta Dikko. A lokacin sarakuna ba su sake da ita ba, don a cikinta akwai irin su Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur. Ko Abubakar Tafawa Ɓalewa, a watan Agustan 1950 ya tashi a Majalisar Dokokin Arewa ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, abin da bai yi wa fadoji da yawa daɗi ba. A wannan watan ne kuma, ranar 8, aka kafa NEPU a Kano. Da zaɓen 1951 ya zo, 'yan Sawaba suka ba kowa mamaki a matakin farko a cikin birni. Nan hankalin Turawa da na sarakuna ya tashi, aka ga cewa in ba a yi jam'iyya ba, to, jam'iyya za ta yi da su. Ranar 1 ga Oktoba 1951 aka ayyana NPC a matsayin jam'iyyar siyasa, ana tsakiyar zaɓe.

Zaɓen nan hawa-hawa ne. Masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai matakin ƙarshe na lardi. A matakin ƙarshen doka ta ba En'e dama ta cusa nata mutanen da ba wanda ya zaɓe su, har kashi goma cikin ɗari. Da aka gama tacewa, ko ɗan NEPU ɗaya bai kai Kaduna ba. To tun daga ranar NPC ta koyi darasin da ta rayu a kansa: ba ta buƙatar ta gina reshe a Kunci ko Tsanyawa, domin akwai ginannen reshe a can tun kafin a haife ta.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba ƙasarmu da kyau, don in ba a fahimci gona ba, ba za a fahimci ƙuri'a ba. Yankin da ya kewaye birnin Kano yana cikin wurare mafi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. Gona tana manne da gona, iyaka kuwa ɗan layin gamba ne ko jan kunne. Ba a barin saura ta huta kamar yadda ake yi a wuraren da daji ya yalwata, kowace damina sai an noma, sai dai a ciyar da ƙasa da takin dabbobi da wanda jakuna suke ɗaukowa daga birni. Inda ƙasa ta yi ƙaranci haka, rigimar iyaka da ta gado da ta jingina ba ta ƙarewa. Wa ake kai wa? Mai unguwa, daga shi sai dagaci, daga dagaci sai hakimi ko alƙali. Wanda ya tafi cirani ya daɗe, dagaci ne zai ce gonarsa tana nan ko ta zama ta wani.

Ga kuma haraji. Daga sama ake yanka wa gunduma kuɗin da za ta kawo, hakimi ya raba wa dagatai, amma wanda ya san rumbun kowa da awakin kowa, wanda zai ce gidan wane nawa zai biya, shi ne mai unguwa. Bafulatani kuma yana da jangali a kan kowace saniya. Ban da waɗannan akwai duba-gari da zai iya samun laifi a kowace randa, da malamin daji da zai iya kama ka don ka sassabe reshen bishiyar da ke gonarka. 'Yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari na En'e ne. Izinin yin lacca ma a hannun En'e yake. Ɗan NEPU zai nemi ya yi taro ranar Lahadi da kasuwar Dambatta take ci, a ce masa sai dai wata rana, a wani fili da ba kowa. In ya hau teburi ya ambaci hakimi da abin da bai gamshi fada ba, akwai laifin zagi yana jiransa a gaban alƙalin da albashinsa yake fitowa daga baitulmalin da hakimin yake tara wa kuɗi.

Saboda haka idan dagaci ya ce wa magidanci "Malam, ka san dai akwatinmu," ba sai ya ƙara komai ba. Mutumin ya san wa zai yanka masa harajin baɗi, ya san wa zai tsaya a kan iyakarsa. A cikin birni mai sana'a yana iya sauya unguwa ko ya sauya ubangida, shi ya sa NEPU ta yi ƙarfi a tsakanin 'yan kasuwa ƙanana da maɗinka da mahauta da malaman zaure. Manomi kuwa ba ya ɗaukar gonarsa ya gudu da ita. Duk da haka an sami waɗanda suka tsaya a ƙauyukan nan suka ce Sawaba a bainar jama'a, suka sha ɗauri da tara, wasu suka bar garuruwansu. A ganinmu jarumtar ɗan NEPU na ƙauye ta fi ta na birni tsada, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Kada kuma mu ɗauka tsoro ne kaɗai. Mutane da yawa sun bi fartanya da zuciya ɗaya. Suna ganin bin sarki wani ɓangare ne na addini da tarbiyya, suna ganin 'yan Sawaba yara ne marasa kunya da suka haɗa kai da NCNC ta Azikiwe. Attajiran gyaɗa ma suna da dalilinsu, domin lasin sayen gyaɗa daga Hukumar Ciniki ta Arewa yake fitowa, rance kuma daga hukumomin gwamnatin Kaduna, su kuma suna da yaransu a kowace kasuwar ƙauye masu ba manomi bashi kafin kaka. Makaɗa suna wasa Sardauna, Gaskiya Ta Fi Kwabo tana ɗauke da labarin rangadinsa. Inda lallashi bai yi ba, a birni akwai Jam'iyyar Mahaukata da ta ɓulla a 1953, 'yan sanda da gora masu tarwatsa taron 'yan adawa.

Yanzu a dubi su wa jam'iyyar take tsayarwa. Misali mafi kusa da mu shi ne Sarkin Bai Mukhtar Adnan. An naɗa shi hakimin Dambatta a 1954, ya zama ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya a Legas a ƙarƙashin NPC har ya riƙe muƙamin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, kuma yana cikin mutum huɗu masu zaɓen Sarkin Kano. Mutum ɗaya, rawani uku: mai tara haraji, wakilin masu biyan harajin, mai naɗa wanda ake kai wa harajin. Ba muna faɗin haka don rage masa daraja ba ne, tsarin ne haka, kuma a majalisun Kaduna da Legas irinsa ne suka fi yawa a kujerun NPC: hakimai, 'yan majalisar sarki, ma'aikatan En'e. Na biyu cikin masu zaɓen sarkin, Madaki, shi ma a nan arewa yake, a Dawakin Tofa. Kuma Dawakin Tofar ce ta zama mafaka ga Maitama Sule. Shi ne ya kayar da Malam Aminu a birni a zaɓen 1954 mai hawa-hawa, amma a 1959, da aka zo zaɓen kai tsaye, sai ya tsaya a Dawakin Tofa, Malam Aminu kuma ya ci Kano ta Gabas. Jam'iyya ta san inda ƙasa take da tauri a ƙarƙashin ƙafarta.

Zaɓen 1959 ɗin shi ne na farko da kowane namiji baligi ya jefa ƙuri'a da hannunsa a asirce, kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa. Mata ba su cikin lissafi. NPC ta sami kujeru 134 cikin 312 na Tarayya, NEPU ta sami 8. A zaɓen Majalisar Arewa na 1961 kujera ɗaya tak NEPU ta tsira da ita.

To amma kayan aro ba ya rufe katara. Tunda rassan jam'iyya a ƙasar Kano hakimai ne, hakimai kuma na Sarki ne, ashe NPC ta Kano tana hannun mutum ɗaya: Sarki Muhammadu Sanusi. Shi ba baƙo ba ne a wajenmu, ya yi hakimcin Bichi yana Ciroma kafin ya koma birni ya zama babba a majalisar mahaifinsa Abdullahi Bayero, ya kuma hau gadon sarauta bayan rasuwar mahaifin a ƙarshen 1953. Yana cikin waɗanda suka tsaya wa NPC tun tana jaririya. Ya zama minista a gwamnatin Arewa, ya taɓa riƙon kujerar Gwamna. En'ensa ta fi kowace En'e kuɗi a Arewa. Bayan haka shi jigo ne a ɗariƙar Tijjaniyya, na hannun daman Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, abin da ya ba shi mabiyan da ba su jiran umarnin Sakkwato, balle na Kaduna. Ba ɗan takarar da zai fito a ƙasar Kano da tutar fartanya ba da yardarsa ba.

A ɗaya gefen ga Ahmadu Bello Sardauna, wanda ya zama shugaban jam'iyya a taron Jos na 1954, ya zama Firimiya a shekarar. Shi ma ɗan En'e ne, ya yi hakimcin Rabah, kuma ya ɗanɗani kaifinta: an taɓa tuhumarsa da cin kuɗin jangali a kotun Sarkin Musulmi, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Ya san amfanin wannan injin, ya kuma san abin da yake yi wa wanda ya faɗa cikinsa. Muna ganin wannan ne ya sa bai taɓa neman rusa En'e ba, bai kuma taɓa yarda ta fi ƙarfinsa ba.

Shekarun farko zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Kano ta kawo ƙuri'a, Kaduna ta kau da kai daga abin da ake yi a kotunan alƙalai da cikin baitulmali. Amma kowace shekara ma'aunin yana karkata. Dokar En'e ta 1954 ta ɗaure sarki da majalisarsa, ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba a bisa takarda. Rarar kuɗin gyaɗa da auduga tana taruwa a hannun gwamnatin yanki, ba a baitulmalin sarki ba. Da Arewa ta sami mulkin kai a 1959, ikon naɗa sarki da cire shi, wanda a da yake hannun Gwamna Bature, ya koma inda 'yan siyasa suke da baki a ciki. A cikin jam'iyyar kanta ma babban taro ya zama na jeka-na-yi-ka, shawara ta koma wajen Firimiya da ministocinsa. Sai kuma 1962, aka yi dokar da ta ɗora Kwamishinan Lardi, ɗan siyasa, a kan kowane lardi, a gurbin ikon da Razdan yake da shi. Wanda aka turo Kano shi ne Aliyu Magajin Garin Sakkwato. Kowa ya san yadda fadar Kano za ta karanta wannan: Basakkwace, yaron Firimiya, a saman Sarkin Kano a cikin Kano.

A shekarar ce baitulmalin En'en Kano ya shiga matsi, gwamnati ta naɗa Bature D. J. M. Muffett ya binciki kuɗaɗenta. Har gobe ana gardama a kan wannan bincike. Masu goyon bayan Sardauna suna cewa ɓarna ce aka gano, dole a yi hukunci. Mutanen Sarki suna cewa an riga an yanke hukunci kafin a buɗe littafin kuɗi. Mu a namu karatun duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci ɗaya, domin irin wannan riƙon kuɗi ba a Kano kaɗai ake yin sa ba, kuma ba a 1962 aka fara ba. Abin da ya sauya shi ne Kaduna ta daina buƙatar kau da kai. NEPU ta riga ta karye a 1961, ba sauran abokin gaba da zai sa a yi haƙuri da aboki mai girman kai. A ƙarshen Maris 1963 Sarki Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi koyar da mu yadda jam'iyyar take. Masoyan Sarki suka kafa jam'iyyar KPP, suna neman a dawo da shi, suna kuma kiran a ba Kano jiharta, har suka haɗa kai da NEPU da suka sha ɗaurewa jiya. Da a ce biyayyar ƙauye ga mutumin take, da ƙasar Bichi da ya mulka ta juya wa fartanya baya. Ba ta juya ba. Hakimai suka zauna a kujerunsu, masu zaɓen sarki suka zauna suka zaɓi Muhammadu Inuwa, da ya rasu bayan wata shida suka zaɓi Ado Bayero a Oktoban 1963. 'Yan KPP suka ɗanɗani irin kamun da 'yan Sawaba suka saba da shi, daga hannun 'yan dokar da Sarkinsu ya bari. A zaɓen Disamban 1964, wanda 'yan adawa suka ƙaurace wa a wurare da yawa, NPC ta kwashe kujeru 162 cikin 167 na Arewa, Malam Aminu kansa ya rasa kujerarsa. Hakimi ya riga ya gane cewa wanda ya iya cire Sarki ba zai sha wahalar cire hakimi ba, dagaci ma ya gane, saƙon ya sauka har kan mai unguwa. Manomin Makoɗa kuwa ba a tambaye shi ba a lokacin ƙawancen, ba a tambaye shi ba a lokacin rabuwar.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sojoji suka haramta jam'iyyu. Cikin shekara goma aka kwance injin gaba ɗaya. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran 1976 kuma ya kawo ƙananan hukumomi. Sai aka yi gwajin da tarihi ba kasafai yake ba mutane damar gani ba: ƙauyukan nan dai, jikokin gonakin nan dai, amma ba alƙalin En'e, ba ɗan doka, ga kuma mata a layi. A 1979 PRP ta Malam Aminu ta lashe Kano, birni da ƙauye. NPN, wadda ta gaji manyan NPC, ba ta kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shagari ya sami kashi 19.94 cikin ɗari ne a Kano, kuma a kan wannan adadin aka yi shari'ar nan ta jiha goma sha biyu da biyu bisa uku har Kotun Ƙoli. Abubakar Rimi yana hawa ya soke haraji da jangali, igiyar ƙarshe da ta ɗaure magidanci da zauren mai unguwa. A zamaninsa ne kuma aka dawo da Sarki Sanusi daga Azare zuwa Wudil, inda ya zauna har rasuwarsa a 1991.

Ba mu ce rusa En'e ne kaɗai ya kawo wannan sauyi ba, akwai kuɗin fetur da makarantu da hanyoyin mota da ƙaunar da Kanawa suke yi wa Malam. Amma wanda yake cewa talakan ƙauye ɗan mazan jiya ne tun fil'azal, sai ya yi mana bayanin 1979.

Abin da bai mutu ba shi ne ɗabi'ar aron reshe. Yau kujerar da Kaduna take kai Gidan Gwamnati ne, kujerar hakimi kuma ta koma ta ciyaman da kansila da jagoran mazaɓa, waɗanda sunayensu suke saukowa daga sama a takarda ɗaya da sunan maslaha. Rawanin ma bai tsira ba: mun ga Bichi ta zama masarauta a 2019, mun ga an soke ta a 2024, duka da sa hannun gwamna. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai dai hukuncin bai taɓa batun wanda yake ba ciyaman tikiti ba.

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan NPC da NEPU labarin birni ne da na Kaduna. Wanda ya jefa ƙuri'a a 1959 yana ɗan shekara 21, yau ya haura 85. Akwai su a Kunci, akwai su a Tsanyawa da Ɓagwai da Minjibir, wasu sun riƙe wa dagaci jakar haraji, wasu sun kwana a ɗaure saboda tauraron Sawaba. Kowannenmu yana da wayar da take ɗaukar murya. Wanda ya je gida a wannan makon, ya zauna da ɗaya daga cikinsu bayan la'asar, ya tambaye shi wa ya nuna masa akwati, nawa aka yanka masa haraji a shekarar, kuma me aka ce a garinsu ranar da labari ya zo cewa an tafi da Sarki Azare.